Ranar Da Ban Buɗe Labule Ba

Skarvoy, 12 ga Oktoba

Ɗana Eivind,

Ina gaishe ka, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kana cin abinci mai zafi a zaune, ba burodin kanti a tsaye ba. Ni lafiyata ƙalau. Ƙugun hagu yana damuna idan iska ta juyo daga arewa, kunnuwa kuma suna nan yadda ka bar su. Shi ya sa wayar da ka saya mini take cikin durowa, kuma a can za ta zauna. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a gidan waya tana buga hatimi a kan wasiƙun mutane ba za ta koyi yi wa ɗan gilashi ihu da tsufanta ba.

An haƙe dankali, ba ka zo ba. An gyara kabarin mahaifinka kafin ƙasa ta daskare, ba ka zo ba. Ni da Oddvar mai ɗaure igiyar jirgin ruwa muka yi, shi da ciwon bayansa. Ba ƙorafi nake yi ba, ina gaya maka ne don ka san abin da ake yi a gidanku. Aiki abu ne mai kyau, amma mutumin da aikinsa ya hana shi tsayawa a kan kabarin ubansa, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa.

Abu ɗaya dai ya faranta mini rai a bana. Da kai da 'yar'uwarka Ragna kuka zo a watan Yuli, na ga kun tsallaka gidan Aslaug kun gaishe ta, har kuka daɗe. Na ce ashe tarbiyyar ba ta tafi a banza ba. Tana gaishe ka. Muna nan a kan al'adarmu, ni da ita: da na tashi sai in buɗe labulen kicin, ita ma ta buɗe nata, kowa ta san maƙwabciyarta ta kwana. Tun muna amare muke yi, ba mu taɓa buƙatar waya ba.

Yanzu ka gaya mini, da maganar da mutum zai gane, wane irin aiki ne wannan da ya riƙe ka a Sweden. Matan coci suna tambayata, sai in ce kwamfuta, su gyaɗa kai kamar na ce kana kurkuku.

Mahaifiyarka,
Gunnvor

Lulea, 29 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi ƙugun bai kwantar da ke ba. Ni lafiya lau, kuma ina cin abinci a zaune, aƙalla ranar Lahadi. Ki gode wa Oddvar. Maganar kabarin Baba ta taɓa ni.

Ga aikin. Asibitoci da yawa a nan suna ajiye hotunan ƙashi da na ƙirji a ma'ajiya ɗaya, ta yadda likita a wannan gari da likita a wancan za su buɗe hoto guda. Na'urori da dama ne ke riƙe da ma'ajiyar tare. Nawa aikin shi ne in tsara wace ce za ta yi me, kuma wace ce za ta karɓa idan wata ta faɗi.

Akwai babba, ita ke faɗin wanda zai rubuta da inda zai rubuta. Akwai ta ko-ta-kwana, ta san duk abin da babbar ta sani, tana jira. Sai wata 'yar ƙarama a wani gini dabam, ba ta ajiye komai, ba ta ba da umarni. Ita shaida ce kawai.

Babbar tana aiko da 'yar alama koyaushe, wato ina nan, ina nan. Za ki yi dariya: a ofis na sa wa alamar suna labule, abokan aikina har sun saba, ba su san daga tagarki na ɗauko ba. Idan labule bai buɗu ba, ta ko-ta-kwana da shaida su kaɗa ƙuri'a. Biyu sun rinjayi ɗaya. Nan take a yanke wa babbar wuta, ta ko-ta-kwana ta karɓi aiki.

Za ki ce me ya sa ake yanke mata wuta. Don daga nesa ba a iya bambanta wadda ta mutu da wadda layinta kawai ya tsinke. In an bar ta, tana iya farkawa tana zaton har yanzu ita ce shugaba, ta yi ta rubutu, waccan ma tana rubutu. Babu abin da ya fi muni kamar shugabanni biyu a kan ma'ajiya ɗaya, hoton wani sai ya hau kan na wani. In kuma ta dawo lafiya, ba ta komawa aikinta da kanta, ba a kuma maido ta daga nesa. Dole mutum ya je da ƙafarsa, ya duba ta, ya maido mata da wuta da hannunsa. Wannan dokar ni na rubuta ta, ina alfahari da ita.

Mama, ni da Ragna mun yi magana sosai a kanki, mun gama shiri. Sanyin bana ba za ki ɗauki nauyin gidan nan ke kaɗai ba. Da zarar mun gama sauya na'urori a ƙarshen Nuwamba zan zo, in gaya miki komai baki da baki.

Ɗanki,
Eivind

Skarvoy, 17 ga Nuwamba

Ɗana Eivind,

Ina gaishe ka. Lafiya ƙalau, rana ce kawai ta kusa yi mana sallama sai Janairu, kamar yadda take yi duk hunturu a nan ƙuryar arewa.

Na karanta bayaninka sau biyu, na gane. Aikin yana da amfani, tunda na marasa lafiya ne, zan gaya wa matan coci. Amma ban yarda da wani wuri ba. A yanke wa mutum wuta don ya yi shiru, ba a ko ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, wannan rashin tarbiyya ne, ko a kan ƙarfe aka yi shi. Ba haka na koya maka ba.

Maganarka ta ƙarshe kuwa, ba zan yi dogon surutu a kanta ba, ka san ba halina ba ne. Na dai gode wa Allah. Ban taɓa roƙon ka dawo gida ba, don uwa ba ta roƙon abin da ya kamata ɗa ya gani da kansa. Ɗan Oddvar ma daga ɗakinsa yake yi wa kamfanin Oslo aiki, ban ga abin da zai hana ka ba. Na share ɗakinka, na fitar da kwalaben jam da na tara a ciki. Bargonka ya tsufa. Gobe zan shiga Harstad in sayo sabo, in sayo ulu, don rigunan da ake sayar muku a can ba sa tare iskar tsibirin nan.

Kada ka zo mini da gemu.

Mahaifiyarka,
Gunnvor

Skarvoy, 24 ga Nuwamba

Eivind,

Lafiyata ƙalau. Na fara da wannan ne don na ga yanzu a gidana sai an kawo shaida kafin a yarda ina da rai.

Ranar Talata na bi jirgin safe zuwa Harstad. Ƙugun ya sa na makara, na fita da sauri ban buɗe labule ba. Na sayi ulu, ruwan toka da ja, na sayi bargo. Kafin yamma iska ta taso, aka soke jirgi. Na sauka gidan Borghild, wadda muka yi aiki tare a gidan waya. Kwana biyu muka yi muna cin kifi muna gulmar matattu, ban san a tsibiri an kusa saka ni cikinsu ba.

Da jirgi ya dawo da ni, Oddvar yana tsaye da igiya a hannu. Ya saki baki.

"Gunnvor! Ke ce ko fatalwarki? Mun zaga duwatsun nan da fitilu muna kiran sunanki har muryata ta dushe!"

Na ce, "Oddvar, tun muna makaranta ba na amsa kiranka, sai yanzu da na kurumce?"

Ya ce, "To yi sauri ki isa gida, tsohuwa, kafin a raba kofunanki."

Ashe mai karɓar tikiti na ranar Talata baƙo ne daga kudu, ya ce bai tuna wata tsohuwa ba. Ba kuma wanda ya yi tunanin tsohuwa tana iya samun uzuri a gari. Aka yanke hukunci na rikice, na bi duhu.

Na tarar da Ragna a kicin ɗina, sanye da rigar girkina. Ta taso tun daga Trondheim. Ta rungume ni tana kuka, wannan kam na karɓa, 'yata ce. Na ajiye kaya na ce bari in ɗora kofi. Na murɗa murhun lantarki, shiru. Na sake murɗawa.

Ragna ta ce, "Mama, zauna tukuna."

Na ce, "Ba na zama a kicin ɗina sai na ga dama. Me ya sami murhun?"

Ta cire fis ɗin da ke kai masa wuta, Eivind. Ta kwashe ashana. Makullin kwale-kwalen mahaifinku ba ya kan ƙusarsa. Ta ce wai don in an same ni a rikice kada in ƙona gida. Na ce to ga ni, ba a rikice ba, maido. Sai ta hau kallon ƙasa, ta ce an riga an sa sunana a gidan kula da tsofaffi na gari, ɗaki mai kallon teku, wai zan so shi.

Na ce, "An sa tun yaushe?"

Ana cikin haka sai ga Aslaug ta turo ƙofa da faranti na waina, idanunta jajur. A wuyanta akwai jan zare, a jikin zaren makullin gidana.

Na ce, "Aslaug, wa ya ba ki makullina?"

Ta ce, "Haba Gunnvor, kada ki kalle ni haka. Yaran ne, tun Yuli. Sun ce in labule bai buɗu ba in shiga in duba, in kira Ragna, ita ta san sauran. Na ce ni ba na son shiga tsakani, Eivind ya ce babu ruwana da komai, ni shaida ce kawai."

Shaida ce kawai.

A nan na zauna, ba don Ragna ta ce ba. Kalmar nan na san inda na karanta ta. Na tashi na ɗauko wasiƙarka, na sake bin ta layi layi, na ga kowa a wurinsa: ga ta ko-ta-kwana sanye da rigar girkina, ga shaida da farantin waina, ga babbar da aka yanke wa wuta. Ni kuma har ina yi maka gyara a kan tarbiyyar na'ura. Ashe gaisuwar da na yaba muku a Yuli, zaman ƙuri'a ne. Kun sha kofin maƙwabciyata kuna raba aikina, ina tsallaken hanya ina soya muku kifi.

Washegari suka kawo ma'aikaciyar jinya. Ta tambaye ni wace rana ce, ta ce in zana mata agogo. Na zana, na sa hannayensa a kan lokacin da ya kamata ta tafi. Ta yi dariya, ta ce ba ta ga abin da ya same ni ba. Ragna dai ta ce a bar murhu haka har ka zo ku yi shawara. Ku yi shawara.

Ka ce babu abin da ya fi muni kamar shugabanni biyu a kan ma'ajiya ɗaya. Zo ka ga kicin ɗina. In ajiye gishiri a nan, ta mayar da shi can.

Tambaya ɗaya gare ni, ka amsa ta ba kwana-kwana. Da ka rubuta cewa ba zan ɗauki nauyin gidan nan ni kaɗai ba, me kake nufi?

Gunnvor

Lulea, 3 ga Disamba

Mama,

Ina gaishe ki. Na gode wa Allah da kike lafiya. Ni ma lafiya, sai dai barci ya yi wuya.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, iskar ta riƙe ta farkon. Na fara buɗe ta biyun, sannan na karanta ta bargo da ulu.

Kin ce ba kwana-kwana. Ban ce zan dawo gida da zama ba, Mama, cewa na yi zan zo. Nufina shi ne mai jinya ta riƙa leƙo ki, kuma in abu ya yi tsanani ɗakin nan na gari yana jira. Na sake karanta layin, na ga yadda kika fahimce shi. Da na sani da na rubuta shi dabam.

Ni na tsara abin, ba Ragna ba. Ita ta so a gaya miki tun Yuli, na ce a bari sai na zo, don na san za ki ƙi. Kada ki riƙe Aslaug, sai da muka yi ta lallashinta.

Amma ki duba ta wajenmu. Baba yini guda ya yi a kwance a rumfar kwale-kwale kafin a same shi, kowa yana zaton yana wani wuri. Ni ina nan, Ragna tana can. Daga nesa shiru shiru ne, ban iya sanin na sayen ulu ne ko na faɗuwa a bakin teku. Abin da na iya ke nan a duniya, in shirya wa ranar da abu zai faɗi tun bai faɗi ba. Na yi miki abin da nake yi wa abin da ba na so a rasa.

Akwai kuma abin da ba za ki so ji ba. An ɗaga sauya na'urorin zuwa tsakiyar Janairu. Ba zan iya matsawa ba kafin nan, ni kaɗai na san tsarin daga farko har ƙarshe. Kirsimeti ma a nan zan yi.

Na yi magana da Ragna. Fis ɗin yana cikin tsohon gwangwanin kofi a saman kabad, ki mayar da shi abinki. Roƙona ɗaya, ki ci gaba da buɗe labule. Don Allah, Mama.

Ɗanki,
Eivind

Skarvoy, 11 ga Disamba

Eivind,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau yau da nake rubutu. Ta gobe kuwa ba zan gaya maka ba, za ka ji dalili.

Ragna ta koma wurin 'ya'yanta. Mun rabu lafiya, na cika mata jaka da busasshen kifi. Na rubuta wa gidan tsofaffi su cire sunana, su ba wanda yake son kallon teku ta gilashi. Ni daga ƙofata nake kallonsa.

Na je na karɓo makullina. Aslaug ta ciro zaren daga wuyanta.

Ta ce, "Gunnvor, da a ce da gaske kin faɗi fa? Da kin so in tsaya ina kallon taga?"

Na ce, "Da na so ki tsallako tun Yuli ki ce mini, ƙawata, 'ya'yanki sun ba ni makullinki. Wata huɗu kina shan kofina da shi a wuyanki a ƙarƙashin riga."

Ta yi kuka. Na bar mata farantinta a bakin ƙofa, a wanke.

Maganar mahaifinka na ji ta. Ni na same shi a rumfar, ba kai ba, ba sai an tuna mini ba. Tsoro ba laifi ba ne. Da ka zauna a gabana ka ce, Mama, ina tsoro, da mun yi faɗa, da na ƙi, wataƙila daga baya in ba da makullin da hannuna. Amma ka ce ka ɓoye ne don ka san zan ƙi. Wato ka san ƙuri'ata, shi ya sa ka shirya zaɓen ba ni. Wannan ba ƙauna ce kaɗai ba, akwai raini a ciki. Kuma labulen nan ba naka ba ne. Gaisuwa ce tsakanin mata biyu, ka ɗauke ta ka mai da ita tarko.

Wani abu ya ba ni mamaki. Ka yi wa na'ura ta ko-ta-kwana, ka yi wa uwarka ta ko-ta-kwana, kai kuma ba ka da wanda zai riƙe maka aiki kwana uku. Ka duba tsarin nan naka da kyau.

Na sami fis ɗin. Na san yadda ake murɗa shi, tun ba a haife ka ba nake yi. Ba zan mayar ba. Yana nan a kan teburin kicin, a kan wasiƙarka, daidai layin da ka ce kana alfahari da shi: wadda aka yanke wa wuta ba ta komawa aikinta da kanta, ba a kuma maido ta daga nesa, dole mutum ya je da ƙafarsa ya duba ta. Ba ni na rubuta ba. Ka yanke ta hanyar dokarka, sai ka maido ta hanyar dokarka. Kada ka damu da cikina, ina dafa kofi da dankali a murhun itace kamar yadda uwata ta yi. Ragna ta manta da ashanar da ke aljihun kwat ɗin mahaifinku.

Sabon bargon da na sayo wa ɗakinka na rataye shi a tagar kicin. Yana da kauri, ko hasken fitila ba ya fita. Wayar na ba Oddvar ya kai wa jikarsa. Wannan kuma ita ce wasiƙar ƙarshe da za ka samu daga hannuna. Daga yau babu ina nan, ina nan. Ka ce daga nesa shiru shiru ne. To, ga shi nan, ka zauna da shi.

Rigar na fara saƙa ta, na kai hammata na tsaya. Ban san faɗin kafaɗarka ba yanzu, kuma ba a auna wannan ta wasiƙa.

Jirgi yana zuwa kullum in iska ta bari. In ka iso ka ƙwanƙwasa da ƙarfi, ka san kunnuwana, kuma babu mai makulli sai ni.

Mahaifiyarka,
Gunnvor